Tanki a ƙasa, rijiya a maƙwabta: yadda ake auna haɗarin yoyon mai ga ruwan sha a Yamai

Idan aka ce gidan mai yana da haɗari, abin da ke faɗo wa mutumin Yamai a rai shi ne gobara. Ba banza ba: a daren 5 zuwa 6 ga watan Mayun 2019 wata motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin saman Diori Hamani, jama'a suka taru da bokitai da bido suna kwasar esansi, wuta ta tashi, sama da mutum 50 suka rasu a wurin. Wannan kowa ya gan shi da idonsa. Ɗayan haɗarin kuwa ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, yakan yi shekaru kafin ya nuna kansa. Shi ne man da ke tsiyaya daga tankin da aka binne, yana bin ƙasa a hankali har ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke ja.

Maganar ta taso yanzu ne saboda abubuwa sun haɗu. Gidajen mai sun yawaita a birnin, wasu katanga ɗaya ce tsakaninsu da ɗakunan kwana. Unguwannin gefen gari sun yi gaba sun bar bututun famfo a baya, masu hali suka koma haƙa foraj da kafa shato, marasa hali suna saye wurin ƴan garuwa. Ga kuma ambaliya: a Satumban 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan, a 2024 ruwa ya sake yin ɓarna. Sai zance ya rabu biyu a fada da WhatsApp. Wasu na cewa duk rijiyar da ke kusa da gidan mai guba ce. Wasu na cewa ai tankin ƙarfe ne cikin siminti, ko ɗigo ba ya fita. Masu binciken ruwan ƙasa ba sa karɓar ko ɗaya daga cikin biyun sai sun yi awo.

Abin da ke ƙarƙashin simintin

Direba famfo yake gani da mai zuba masa. Kayan aikin suna ƙasa: tankuna biyu, uku ko fiye, galibi masu ɗaukar lita 10,000 zuwa 50,000 kowanne, bututan da ke kai mai zuwa famfo, bakin da motar dako ke juye kaya, da dogayen bututan shan iska da ake gani tsaye a jikin katanga. Masu bincike suna lissafa su duka abu guda, domin ba cikin tanki kaɗai ke yoyo ba. Sau da yawa matsalar tana mahaɗar bututu, ko a gindin famfo, ko a bakin juyewa ranar da aka cika tanki har ya tumbatsa.

Tsohon yayi shi ne tankin ƙarfe mai bango ɗaya, a shafe shi da kwalta a binne. Na zamani bango biyu gare shi, da ɗan sarari a tsakani inda ake saka na'urar da ke kuka idan mai ko ruwa ya shiga. Akwai na zaren gilashi, wanda ba ya tsatsa amma yakan tsage idan ba a yi masa shimfiɗa mai kyau ba. Mai bango ɗaya, tsatsa ta waje da ta ciki ke cinsa: ta waje daga danshin ƙasa, ta ciki daga ruwan da ke kwanciya a gindin tanki, tunda ruwa ya fi mai nauyi. Hudar farko ba ta fi kan allura ba.

Ambaliya tana da nata aikin. Tankin da ya kusa ƙarewa, idan ruwan ƙasa ya taso ya kewaye shi, sai ya nemi tasowa kamar goran da aka danna cikin tafki. In ba a ɗaure shi a kan daɓen siminti ba, motsin da zai yi ya isa ya karya mahaɗar bututu. Akwai kuma tankin da aka manta da shi. Gidan mai kan sauya hannu, a sauya fenti da allo, amma abin da aka binne tun ginin farko yana nan yana ƙirga shekaru.

Sanda da littafin manaja

Da sassafe, kafin a fara sayarwa, ma'aikaci kan buɗe murfin tanki ya zura doguwar sanda mai zanen santimita har ta taɓa gindi. Ya zaro, ya duba inda mai ya jiƙa, ya dubi takardar da ke juya santimita zuwa lita, ya rubuta. Wanda ya san aikinsa yakan shafa wani magani a ƙarshen sandar, mai sauya launi idan ya taɓa ruwa. Lissafin ba wuya: abin da ya kwana, a tara da abin da aka juye, a cire abin da famfuna suka nuna an sayar. Ragowar ya kamata ta zo daidai da sanda.

Ba ta taɓa zuwa daidai cif. Esansi yana kumbura da zafi, yana takurewa da sanyi, kusan lita ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Motar da ta sha ranar Afrilu da lita 30,000, ta juye a tankin ƙasa da ya fi ta sanyi da digiri 10, littafi zai nuna ɓatan lita kusan 300 alhali ɗigo bai zube ba. Ga wanda ke tashi a iska, ga famfon da awonsa ya ɗan kauce, ga sandar da aka karanta a gurguje.

A cikin wannan hayaniyar ƙaramin yoyo ke ɓuya. A Amurka, doka ta ce gwajin lafiyar tanki dole ya iya gano yoyon kashi ɗaya cikin goma na galan a awa, wato kusan lita 0.38. A yini lita 9 ke nan. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, asarar jika huɗu da rabi ce a rana, abin da gidan mai mai ciniki ba zai ji a jikinsa ba. A shekara kuwa ta haura lita 3,300, duka a cikin ƙasa.

Shi ya sa lissafin rana ɗaya ba ya faɗin komai, na watanni ne ke magana. Kuskuren awo yau ya yi sama, gobe ya yi ƙasa. Yoyo kullum gefe ɗaya yake ja. Haka ma idan ruwan gindin tanki yana ƙaruwa duk damina, to ƙofar da ruwa ya shigo ta nan mai zai fita da rani. Wannan shaida ce mafi araha a duk binciken, kuma tana nan a rubuce a kowane gidan mai, sai dai a samu mai karanta ta da wannan ido.

Ina man ke tafiya?

Man da ya fita daga tanki yana rabuwa. Wani ya maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashi, ya zauna nan shekaru, duk ruwan saman da ya ratsa ya ɗebi rabonsa. Wani ya zama tururi ya bi ramukan ƙasa, ya ɓulla a masai, ko kwalbati, ko cikin rijiya. Idan ya yi yawa, sauran ya gangara har fuskar ruwan ƙasa, wato zurfin da mai haƙa rijiya ke cewa ya cim ma ruwa. A nan yake tsayawa ya yi iyo, domin litar esansi kusan giram 750 ce, ta gazuwal kusan 840, ta ruwa 1,000.

Da iyon kaɗai yake yi, da da sauƙi. Wani ɓangarensa yana narkewa cikin ruwan, ya bi shi inda ya nufa, ya yi doguwar jela kamar hayaƙin da iska ke kaɗawa gefe ɗaya. Jelar nan ce ke isa rijiyar maƙwabta. Sinadarai huɗu aka fi nema a cikinta: benzin, toluwin, etilbenzin da zailin. Na farkon ne babban abin tsoro. Ya fi sauran narkewa, ya fi su saurin tafiya, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, musamman kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikurogiram 10 a lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Amurka ta sa 5, Tarayyar Turai ta sa 1.

Lambar tana da ƙanƙanta har ba ta kama hankali sai an juya ta. A ce esansi yana da benzin kashi 1 cikin 100, wanda shi ne iyakar da Turai ta yarda da ita. Lita ɗaya tana ɗauke da giram kusan 9. Da za a narkar da shi duka daidai wa daida, ya isa ya kai lita kusan 880,000 ta ruwa bakin iyakar Hukumar Lafiya. A cikin ƙasa ba haka yake narkewa ba, amma lissafin ya nuna dalilin da ya sa lita 9 a yini ba abin rainawa ba ce.

Gazuwal bai kai esansi benzin ba, bai kai shi narkewa ba, sai dai ya fi shi daɗewa. Tsofaffin gidajen mai kuma suna da wani gado: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar esansi mai dalma a farkon 2006, amma sinadaran da ake haɗawa da dalmar suna daga cikin masu jinkirin ruɓewa a ruwan ƙasa. Inda aka yi yoyo kafin wannan shekara, ana neman su daban.

Ƙasa ma tana yaƙi da man. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cin sa, musamman inda iska ke shiga. Nazarin da cibiyar Lawrence Livermore ta fitar a 1995 kan ɗaruruwan wuraren yoyo a Kalifoniya ya gano cewa jelar benzin ba kasafai take wuce mita 75 zuwa 80 ba, ta tsaya, daga baya ta fara ja da baya. Sharaɗin shi ne a toshe yoyon. Kuma ba kowane sinadari ne bakteriya ke so ba. A 1996 birnin Santa Monika ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwansa saboda MTBE, wani abin da ake ƙara wa esansi, wanda ke gudu tare da ruwa kusan ba tare da ƙasa ta riƙe shi ba.

Ƙasan Yamai ba iri ɗaya ba ne

A nan ne amsar ke sauyawa daga unguwa zuwa unguwa. Ruwan famfon birnin daga kogi ake ɗebo shi, a tace a Gudel da Yantala, shi ne wanda kamfanin NDE ke rabawa tun da ya gaji SEEN a farkon 2024. Saboda haka yoyon tanki ba ya taɓa babbar ma'ajiyar gari kai tsaye. Masu rijiya da foraj ne a bakin layi, da duk wanda ke sha daga hannunsu.

Ruwan ƙasan birnin yana zaune a gida uku. Akwai na yashi da lakar da kogi ya shimfiɗa, a gaɓarsa da ƙetare wajen Harobanda, su Lamorde, Karaje da Kirkisoy, da Saga ta wannan gefen; a nan gaba kaɗan mai haƙa ke yi ya cim ma ruwa, kuma nan ne ambaliya ke fara sauka. Akwai na kan tudu a gaɓar hagu, cikin dutsen yashi da yumɓu da marmara, inda sai an yi nisa da haƙa. A ƙarƙashinsu duka akwai tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa, kuma foraj da yawa daga nan suke sha.

Kowanne da halinsa. Yashin bakin kogi ba ya tare komai, tankin ma wani lokaci cikin ruwan yake zaune. Tudu yana da tazara mai ba bakteriya lokaci, kuma shimfiɗar yumɓu tana rage gudu, amma ba ko'ina ta haɗe ba. Tsagaggen dutse shi ne mai wuyar sha'ani: ruwa na bin tsaga kamar bututu, rijiyar da ke nesa ta gurɓace, ta kusa ta tsira. Lissafin mita 80 na Kalifoniya ba a dogara da shi a irin wannan wuri.

Sai kuma abin da ya bambanta yankin da wurare da yawa: ruwan ƙasa yana hawa. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu sun nuna cewa a kudu maso yammacin Nijar fuskarsa ta tashi da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha, saboda sare daji ya sa ruwan sama na gudu ya taru a tafkuna ya nutse. A cikin birni ga ruwan masai da na bututun da suka fashe suna ƙarawa. A kwarin Gunti Yena har fili ruwan ke fitowa a wasu gidaje. Ma'ana, tankin da aka binne a busasshiyar ƙasa shekaru 30 da suka wuce yana iya kasancewa yau gindinsa a jiƙe. Hawa da saukar da ruwan ke yi tsakanin damina da rani kuma yana shafa man da ke iyo a jikin ƙasa sama da ƙasa, kamar yadda miya ke barin zobe a jikin tukunya, kowace damina ta sake jiƙa shi.

Alkiblar tafiyar ruwa galibi daga tudu ce zuwa kwari da kogi. Kusa da gaɓa tana iya juyawa idan kogi ya cika, kuma sau biyu yake cika: jan ruwan damina a Agusta da Satumba, da wanda ke isowa daga Gini a lokacin sanyi. Foraj mai injin da ke ja dare da rana ma yana karkato da ruwa wajensa, har da jelar da da za ta wuce shi. (Mutumin Tawa zai ga bambanci: ruwan da ake jawowa daga ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin Adar yana da kariya mai kauri, amma gajerun rijiyoyin fadama halinsu ɗaya da na bakin Isa.)

Yadda ake auna haɗarin

Masana suna tsayawa kan abu uku: mafari, hanya, da mai sha. Sai ukun sun haɗu ake cewa akwai haɗari. Tanki mai yoyo a kan yumɓu mai kauri, babu rijiya a gabansa, matsala ce da za a gyara amma ba ta gaggawar lafiya ba. Ɗan yoyo a kan yashi, foraj ɗin makaranta a mita 40 ta gangare, wannan na yau ne.

Aikin yana farawa da takarda da ƙafa, kafin inji: shekarun tanki, irinsa, littafin sanda, da zagaya unguwa a ƙirga rijiyoyi da foraj, har waɗanda ba su da takarda, a san zurfinsu da masu sha. A nan ake rubuta sauran mafarai, domin ruwa ba ya tsami banza amma ba lallai maƙwabcin da ake zargi ne ya tsamar da shi ba. Garejin da ke zubar da baƙin mai a ƙasa, tankin gazuwal na babban injin wuta, ɗakin da ƴan ruwa-ruwa ke tara bido, kowanne yana iya zama tushe. Ɗakin gwaji yana iya bambance esansi da gazuwal da baƙin mai, har ya nuna sabo ne ko ya daɗe.

Ga gari baki ɗaya ana zana taswirar raunin ƙasa. Hanyar da ta fi shahara ita ce DRASTIC, da aka tsara a Amurka a 1987, mai ba da maki kan abu bakwai, cikinsu zurfin ruwa, irin ƙasa, gangara da yawan ruwan da ke nutsewa. Akwai GOD, ta wannan shekarar, mai abu uku kacal, wadda ta fi dacewa da inda bayanai suka yi ƙaranci. Taswirar tana nuna inda za a fara dubawa ne kawai. Ba ta cewa tankin wane yana yoyo.

Wannan sai an gwada tanki da bututu, an rufe su an ga ko suna riƙe matsin iska, sannan a haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido. Aƙalla uku ake bukata, a jere kamar duwatsun murhu, domin da tsayin ruwa a wuri uku ake gane inda ya nufa. Ɗaya a bayan tanki ta tudu, don a san yadda ruwan yake kafin ya iso. Sauran ta gangare. Dole ramukan bututun rijiyar su ratsa fuskar ruwa, in ba haka ba man da ke iyo zai wuce ta sama ba a gan shi ba. Mai haƙa marar kula kuma yana iya huda yumɓun da ke kare ruwan ƙasa, ya buɗe wa man ƙofar da babu ita da.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu gidajen mai suna da hujja mai ƙarfi: man da ya zube kuɗinsu ne, babu ɗan kasuwar da zai zuba ido jarinsa na nutsewa. Suna ƙarawa da cewa farashi gwamnati ke tsayarwa, ribar lita ƙayyadaddiya ce, sauya tanki kuwa yana nufin fasa daɓe da rufe ciniki na makonni. Hujjar ta tsaya a kan babban yoyo. A kan ƙarami, lissafin jika huɗu da rabi ya nuna inda ta gaza.

Wasu masana lafiyar jama'a suna kallon abin ta wani gefe. A ganinsu abin da ke kwantar da yara a Yamai yau shi ne ƙwayoyin cutar da ke shiga rijiya daga masai, kuma tun shekarun 1990 bincike ya nuna sinadarin naitiret, irin wanda ƙazantar masai ke kawowa, ya yi yawa a rijiyoyin birnin. Idan kuɗi kaɗan ne, a fara da can. Ta fuskar yawan mutanen da abin ya shafa, da wuya a ja da su. Masu amsa musu suna cewa cutukan biyu ba magani ɗaya gare su ba: ƙwayar cuta ana kashe ta da jabel a cikin randa yau, benzin kuwa idan ya shiga ruwan ƙasa aikin shekaru ne da kuɗi masu nauyi.

Akwai kuma saɓani tsakanin masu cewa a kwashe komai da masu cewa a bi gwargwadon haɗari, a bar bakteriya su ƙarasa inda babu mai sha. Ra'ayi na biyu ne ya yi rinjaye a Amurka tun tsakiyar shekarun 1990, bayan da tsadar aikin ta bayyana. Ƙasar ta tabbatar da yoyo sama da 500,000 tun da ta kafa dokokin tankuna a 1988. Sai dai can ana binsa da awo a kai a kai da hana haƙa rijiya a wurin. A birnin da kowa ke iya kiran mai foraj ya huda tsakar gidansa, filin da babu mai sha bana yana iya samun masu sha baɗi.

Doka, da wanda zai biya

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Tun 1966 akwai dokar wuraren sana'a masu haɗari ko masu cutar da maƙwabta. Akwai babbar dokar muhalli ta 1998, kundin dokar ruwa na 2010, da dokar 2018 kan tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wadda hukumar BNEE ke kula da aiwatar da ita. Ƙa'idar da ke cikinsu Bahaushe ya riga ya san ta: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Wahalar tana wurin lokaci. Izini yana duba ranar gini, tsatsa kuwa aikin shekara ashirin ce. Kafin jela ta isa rijiya, mai gidan man na farko ya sayar ko ya rasu, na yanzu ya ce ya tarar. Amurka ta warware wannan a 1986 da asusu na musamman, daga harajin kashi ɗaya cikin dubu na dala a kan kowane galan, don wuraren da ba a san mai su ba ko ya kasa biya. Duk tsarin da za a ɗauka a nan, kuɗinsa daga ɗayan uku zai fito: ribar mai gidan mai, farashin lita, ko baitulmali. Idan ba a zaɓa ba, mai rijiya ne ke biya, da sayen ruwan garuwa da faɗuwar darajar filinsa.

Mai rijiya a gidansa

Hanci yana taimako, domin wasu sinadaran esansi ana jin warinsu tun suna kaɗan. Amma rashin wari ba shaidar lafiya ba ce: benzin shi kaɗai ba a jin sa sai ya ninka iyakar sha sau da yawa, kuma shi ne kan gaba a jela. Ƙyallin bakan gizo a saman guga ma yana ruɗi, tunda ƙasar Yamai tana da ƙarfe, kuma bakteriyar ƙarfe na yin irin wannan fatar. A taɓa ta da tsinke. Idan ta farfashe gutsi-gutsi ta tsaya a haka, ta ƙarfe ce. Idan ta murɗa ta koma ta haɗe, mai ne.

Jabel ba ya cire shi, tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Tafasawa tana fitar da shi ne daga tukunya zuwa iskar ɗakin girki, wanka da shi a rufaffen makewayi ma shaƙa ne. Matacin gawayi na musamman yana kama shi, amma yana cika, kuma ba ya sanar da ranar da ya cika. Mai famfo ma yana da inda abin zai same shi: baƙin tiyon roba da ake jawo ruwa da shi zuwa gidaje, idan ya ratsa ƙasar da ta jiƙe da esansi, sinadaran suna ratsa jikinsa ko babu huda.

Wanda zai kai ruwa gwaji ya faɗi abin da yake nema da sunansa. Gwajin da aka saba yi wa sabon foraj na ƙwayoyin cuta ne da gishiri da naitiret. Takardarsa na iya fitowa tas alhali ba a nemi benzin ba, domin shi na'ura daban gare shi. Ba a ɗebo samfurin a gorar roba. Ƴar kwalbar gilashi ake cikawa har baki, babu kumfar iska ko ɗaya, a sa a ƙanƙara, a kai da wuri. Awo ɗaya kuma bai isa ba: na Afrilu da na Satumba sukan bambanta. Wannan ya fi shafar masu foraj da ke sayar wa ƴan garuwa da masu ƙulla piya wata, waɗanda rijiyarsu ɗaya ke shayar da layi guda.

Rijiyar da ta fara warin esansi, a daina sha, a daina jan ta da inji don kada a ƙara jawo jelar, a sanar da ma'aikatar magajin gari da jami'an muhalli. Kada a tura yaro ko mai yasa ya sauka duba ta. Tururin esansi ya fi iska nauyi, a gindin rami yake taruwa, kuma tsohuwar dabarar masu haƙa ta zura fitila don gwada iskar rijiya, a irin wannan ramin ita ce ashana.